Katin da Na Sa Yaya Ta Jira

A gidanmu ni ne mai karanta takarda. Tun da na kama aikin gwamnati, duk takardar da ta shigo dangi, ta fili ce ko ta makaranta ko ta asibiti, sai ta biyo ta hannuna, kuma abin da na ce shi ake yi. Da wannan matsayin na yanke shawarar da ta cutar da yayata, matar da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Likita ta ce a gaggauta yi mata gwaji, ni kuma na sa ta jira katin inshorar lafiya, kuma a cikin jiran nan kansar bakin mahaifa ta wuce inda tiyata za ta iya cire ta.

Yaya ta haura hamsin, mijinta ya rasu, da keken ɗinki take riƙe da gidanta. Al'ada ta ɗauke mata da daɗewa, sai kwatsam jini ya dawo, kaɗan-kaɗan, yau a gani gobe a rasa. Islamiyya ta fara kai maganar, domin abin da ya dame ta shi ne salla: ta yi ko ta bari? Aka ce mata jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta. Amsar daidai ce a fiƙihu. Babu dai wanda ya ƙara mata da cewa jinin da ya dawo wa mace bayan ɗaukewar al'ada abin kai wa asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba. Da wani ruwa mai wari ya biyo baya, sai aka ce sanyi ne. Ta sha maganin kemis, ta sha na masu lasifika a bakin kasuwa. Ni ban ji komai ba sai da 'yarta ta gaya wa matata, matata kuma ta jira dare ta gaya mini a kaikaice. Kunya ta ci nata watannin kafin maganar ta iso kunnena.

Na kai ta babban asibiti a ƙarshen 2023, hunturu ya fara shigowa. Wata likita ta duba ta, ta fito ta kira ni gefe. Ta ce ta ga tsiro a bakin mahaifa, yana zub da jini in an taɓa shi, kuma ba za a tabbatar da ko mene ne ba sai an ɗan yanko tsoka an kai ɗakin gwaji. Ta rubuta mana takardar zuwa asibitin koyarwa.

"Malam, don Allah kada ku zauna da takardar nan," in ji ta. "Ku je cikin makon nan, in ya yi nisa na gaba."

Na je na tambayi kuɗin. Yankan tsokar da gwajinta da hoton ciki, duka-duka ba su kai rabin albashina na wata ba. Ina da halin biya. Gaskiya ne a lokacin an janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, buhun masara ya tashi, ga kuɗin makarantar yara yana jira. Amma da ɗaya daga cikin 'ya'yana ce ke zubar da jini, da ban tsaya lissafi ba, kuma sai da aka daɗe kafin na iya faɗa wa kaina wannan. Lissafin da na yi shi ne, in har kansa ce, gwajin nan somin-taɓi ne, manyan kuɗi suna gaba, don haka gara in sa ta a inshora tukuna, in kati ya fito komai ya hau kansu. Akwai wani tunanin kuma a ƙarƙashin wannan, wanda ba shi da tsarki. Na ji tsoron in sakamako ya fito kafin rajista, a ce ta zo da ciwonta, a ƙi karɓarta. Wato na zaɓi kada a san abin da ke jikinta har sai na gama shirya takarduna.

"Yaya, ki ɗan ƙara haƙuri," na ce mata. "Zan yi miki katin asibiti irin nawa. Da ya fito, ba za mu biya ko sisi ba."

"To, Auta. Yadda ka gani."

Katina ne ya ba ni wannan ƙarfin gwiwa. An yi dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Katin ma'aikaci yana ɗauke da shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Shekara da shekaru ina kai yara da zazzaɓin cizon sauro, a duba su, a rubuta magani, in biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin in kama hanya. Haihuwar matata ma katin ne ya ɗauke mini. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da shirin hukuma, NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, waɗanda aka ƙiyasta yawansu miliyan 83. Na ji wannan a rediyo, na haɗa da abin da na sani na zazzaɓi da haihuwa, na yanke cewa kati yana biyan komai. Ɗan littafin da ke bayyana abin da ake biya da abin da ba a biya ba yana cikin durowata a ofis, ban taɓa buɗe shi ba.

Yaya ba ta cikin katina, domin 'yar'uwa ba ta shiga lissafin iyali a wannan tsari. Akwai tsare-tsaren masu biya da kansu shekara-shekara, na tarayya da na jihohi, sai na zaɓi ɗaya na biya mata. A nan aka shaida mini cewa kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, sai an jira wani wa'adi. Ba zan kira wannan zalunci ba. Da babu wa'adin, kowa zai zauna ne sai ya kwanta ciwo ya ruga ya yi rajista, asusun ya ƙare cikin wata guda, kuma abin da ni kaina nake ƙoƙarin yi ke nan. A ranar ya kamata in koma in biya kuɗin gwajin daga aljihuna, katin ya riske mu a hanya. Sai na ce ai an riga an biya, kaɗan ya rage.

Da katin ya fara aiki, sai na tarar ba a zuwa asibitin koyarwa kai tsaye da shi. Sai an fara da asibitin da aka yi rajista, likitan can ya duba ya rubuta tasa takardar, a nemi lambar amincewa daga masu biyan kuɗin, sannan a je a karɓi rana. Kowane mataki da dalilinsa, kowanne kuma yana cin kwanaki. Ana cikin haka azumi ya kama. Yaya ta ce a bari sai bayan salla, ni kuma na ji sanyi a raina da ba daga bakina maganar ta fito ba. Takardar da aka rubuta da sanyin hunturu, sai a zafin bazara, bayan ƙaramar salla, aka yi aikinta. Kafin nan ma sai da jiri ya kayar da Yaya a tsakar gida, aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin jini.

Sakamako ya fito, kansa ce. Babban likitan da ya karɓe mu ya tambaye ni yaushe aka fara ganin tsiron, na miƙa masa takardar farko. Ya duba kwanan watan, ya karanta abin da likitar ta rubuta, bai yi mini faɗa ba.

"Malam, abin da ta rubuta ta gani ƙarami ne, a bakin mahaifa kaɗai yake. Wanda nake gani yau ya fita ya kama gefe. Tiyata ba za ta wadatar ba, sai gashi da kemo."

A wannan zaman, da wasu da suka biyo baya, na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in buɗe baki in ba da shawara. Kusan duk kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, ana kiranta HPV. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma ta zama ruwan dare har yawancin ma'aurata, maza da mata, sun taɓa ɗauka ba su sani ba. Ina jaddada wannan ne domin na ji ana raɗa cewa ciwon matan banza ne. Yaya aure ɗaya ta yi a rayuwarta, tun tana yarinya. A jikin mafi yawan mutane garkuwar jiki ce ke kawar da ƙwayar ba tare da magani ba. A jikin wasu matan takan zauna, tana sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Duk tsawon shekarun nan babu zafi, babu jini, amma ana iya ganin sauyin. Nas ko ungozomar da aka horar za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi da wata 'yar na'ura mai zafi cikin 'yan mintuna, mace ta tashi ta koma gida ta ɗora girkinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a gwada mace kafin ta wuce shekara 35, a sake kafin ta wuce 45. Yaya ta yi haihuwa da yawa, ta yi awo a asibiti, ba a taɓa yi mata wannan gwaji ba, ni ma da nake taƙama da boko ban taɓa jin labarinsa ba. A ƙididdigar hukumar ta 2020, mata kimanin 12,000 ne aka samu da wannan kansa a Najeriya cikin shekara guda, kimanin 8,000 suka rasu da ita. Biyu cikin uku ke nan, a ciwon da yake warkewa in an zo da wuri.

Likitan ya zana mini matakan ciwon guda huɗu a bayan takarda, kuma a zanen nan na gane cewa mataki ne ke yanka kuɗin wannan ciwo. Kafin ya zama kansa, kuɗin mota ne da na kati. A farkon matakin farko, aiki ne guda, a cire mahaifa, a yi jinyar 'yan makonni, kuma wannan yana cikin irin ayyukan da inshora ta saba ɗauka. Da zarar ya fita gefe, lissafin ya zama wani daban. Sai an gasa tsiron da na'ura daga waje kwana biyar a kowane mako, har kusan mako biyar. A tare da gashin ana ba da kemo sau ɗaya a mako ta ƙarin ruwa, wani magani da ake kira cisplatin, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini da ƙoda. In jini ya yi ƙasa sai an ƙara, domin gashi ba ya cin ciwon yadda ya kamata a jikin da ba jini. Daga nan sai gashin ciki, inda ake shigar da abin gashin dab da tsiron. Duk wannan ana so a kammala shi cikin mako takwas. In aka wuce, ƙwayoyin kansar da suka rage sukan sake hayayyafa, damar warkewa ta ragu.

Katin ya yi nasa, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba. Ya biya ganin likita, ya biya gado, ya biya gwaje-gwajen jini da kaso mai tsoka na magungunan da ke cikin jerinsu. Ba domin shi ba da nauyin ya fi haka. Amma babban hoton siti-sikan rabi ya biya. Gashi ma rabi ne, kuma rabin yana da iyakar da ba ya wucewa komai tsadar wurin. Maganin da babu shi a ɗakin maganin asibiti, sai a rubuta maka ka fita waje ka saya da kuɗinka. Shekarar kuwa darajar naira ta faɗi warwas, magungunan kansa kuma da dala ake shigo da su, farashin wannan makon ba shi ne na makon gaba ba. Jini kuwa sai ka kawo masu bayarwa. Samarin unguwarmu da 'ya'yan 'yan'uwa suka riƙa hawa mota suna zuwa suna miƙa hannu, Allah Ya saka musu da alheri. Duk waɗannan sharuɗɗa a rubuce suke, baƙi da fari, a takardun da na sa wa hannu ban karanta ba.

Sai kuma kuɗin da babu katin da ya san da su. Na'urar gashi ba ta garin kowa. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, cibiyoyin da ke da ita ba su taka kara sun karya ba, kuma a Arewa sai mutum ya nufi manyan garuruwa irin su Zariya ko Sakkwato ko Abuja. A 2025 ne aka buɗe sabuwar cibiya a Katsina, abin da na yi murna da shi ƙwarai saboda na san ma'anar nisa ga mai wannan ciwo. Mu sai da muka bar garinmu. Muka kama ɗaki kusa da asibiti, babbar 'yar Yaya ta bar mijinta da ƙananan yaranta ta zo jinya, ni na ɗauki hutu har ya ƙare na koma ina zirga-zirga. Abinci saye, ruwa saye, Keke Napep safe da yamma. Keken ɗinkin da ke ciyar da gidanta yana can a rufe. Mu da muka iya kama ɗaki ma masu gata ne, domin akwai matan da a barandar asibiti suke kwana da 'yan jinyarsu, a kan tabarma, har su gama.

Mun jira layi kafin a fara. Ana tsakiyar gashin na'urar ta tsaya, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga waje. Ma'aikatan wurin ba su ɓoye mana komai ba, su ma abin ya dame su, kuma su suka ba mu shawarar kada mu zauna jira saboda mako takwas ɗin nan yana tafiya. Muka ɗauki takardunta zuwa wata cibiya mai zaman kanta a wani garin, inda katin ba ya aiki, muka biya sauran gashin cif-cif. Filin da mahaifinmu ya bar mana shi ya tafi a nan. Aka yi karo-karo a zauren WhatsApp na dangi, na ci bashi a ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofis. Da na zauna na tara rasit-rasit ɗin, abin da ya fita daga hannunmu ya haura albashina na shekara guda. Ni kuwa ma'aikaci ne mai matsakaicin matsayi. Mafi ƙarancin albashi sai a Yulin 2024 ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma yawancin matan da muka zauna layi da su ba su da albashi ko kaɗan, mazansu manoma ne ko 'yan tireda. Nakan ga mace mako ɗaya, mako biyu, sai in daina ganinta. In na tambaya sai a ce ta koma gida neman kuɗi.

A layin nan wata mata, wadda ko karatun boko ba ta yi ba, ta dube ni ta ce, "Malam, kun cike takardar asusun kansa kuwa?" Ban san da shi ba. Ashe tun 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wani asusu domin marasa hali masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, aka fara da asibitoci shida, ɗaya a kowane yanki: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Enugu. Ana bi ta ofishin jin ƙan marasa lafiya na asibiti, wani kwamiti ya duba halin mutum. Lokacin da na ji labarin mun riga mun biya mafi yawan abin da za a biya. Da na ƙwanƙwasa wannan ofis tun ranar farko na ce ga halin da muke ciki, da an nuna mini hanya. Ban yi ba, saboda na saba a tambaye ni, ban saba tambaya ba. Matan da ke zaune a kan bencin nan sun fi ni sanin inda ake samun magani da rahusa, da ranar da ya fi kyau a zo gwajin jini, da abin da za a ci in kemo ya hana cin abinci.

Na yi ta tunanin abin da ya sa inshorarmu ba ta iya ɗaukar ciwo irin wannan gaba ɗaya, kuma amsar ba ɓoyayya ba ce. Inshora gayya ce, in 'yan kaɗan suka fito ba za a gama gonar kowa ba. Waɗanda ke da inshorar lafiya a Najeriya ba su wuce kashi 10 cikin 100 na jama'a ba, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyarmu ya daɗe yana kewaya kashi 5. Asusun da ba a zuba masa da yawa ba dole ya sa iyaka, kuma a kan ciwo mai tsada iyakar take faɗawa. Ghana ta bi wata hanyar. Dokarsu ta 2003 ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyuka domin inshorar lafiya, ta yadda duk mai saye a kasuwa yana zubawa, kuma suka sa maganin kansar mama da ta bakin mahaifa cikin abin da kati ke biya duk da sun bar yawancin sauran ire-iren kansa a waje. Su ma suna fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, amma sun yanke shawara a kan waɗannan cututtuka biyu na mata, kuma ina ganin shawarar daidai ce.

A ganina wannan kansa ta cancanci a ɗauke ta gaba ɗaya a nan ma, domin tana cikin 'yan kaɗan da ake iya ganowa da araha, a tare su tun ba su zama komai ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Gwajin ruwan khal da 'yar na'urar ƙonawa aikin matakin farko ne, ya kamata a same su a asibitin kowace mazaɓa kamar yadda ake samun awon ciki. Macen da likita ya ga tsiro a jikinta kuwa, bai kamata gwajin tsokarta ya jira wa'adin kowane kati ba, asusun marasa galihu ya biya a take, a yi lissafi daga baya. Ina faɗin wannan da zuciya ɗaya, amma ba zan fake da shi ba. Babu hukumar da ta hana ni biyan kuɗin gwaji a makon da likita ta ce.

Akwai wani abu da ya faru a daidai lokacin, wanda sai daga baya na ga alaƙarsa da na Yaya. A ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, allura ɗaya tak, kyauta. An fara da jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Kano da Jigawa da Bauchi, sauran jihohin suka biyo baya a Mayun 2024. Allurar tana tare nau'o'in ƙwayar na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa. Da masu allurar suka zo makarantar 'ya'yana mata, saƙonnin murya suka cika wayoyi cewa maganin hana haihuwa ne. Ban yarda da jita-jitar ba, amma ban ƙaryata ta ba, sai na ce wa matata a bari mu ga yadda za ta kaya da 'ya'yan wasu. Halin nan ne dai guda, na jira a inda ba a jira. Bayan na ga abin da gashi yake yi wa jikin mutum, da kaina na kai su asibitin unguwa aka yi musu.

Ranar da muka dawo gida da Yaya bayan gashin ciki na ƙarshe, na zauna a bakin tabarmarta na gaya mata komai: cewa ina da kuɗin gwajin tun farko, cewa dabara na yi, cewa likitar farko ta gargaɗe ni. Ba ta san da wannan ba, ita a zatonta haka tsarin asibiti yake. Ta yi shiru na ɗan lokaci.

"Auta, ciwo daga Allah ne, lafiya ma daga gare Shi. Na yafe maka duniya da lahira. Amma da ka gaya mini kuɗi ne, ai da na sayar da keken."

Na yi imani da ƙaddara, kuma na karɓi yafiyarta da godiya. Maganarta ta ƙarshe ce ta fi yi mini nauyi, domin ta nuna mini cewa ban ma ba ta zaɓi ba. Jikinta ne, jininta ne ke zuba, amma na yanke mata hukunci ban faɗa mata abin da likita ta ce ba, saboda na ɗauka magana ce ta masu karatu.

Yaya tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Hoton da aka yi mata bayan gashin bai nuna tsiron ba, amma likitoci sun ce sai an yi shekaru ana bibiya, don haka duk wata uku muna komawa. Gashin ya bar mata matsalar fitsari da ciwon mara, ba ta iya daɗewa a kan keke kamar da, 'yarta ce ke karɓar yawancin ɗinkin. Ina sabunta mata katin duk shekara kafin ya ƙare, domin shi ke biyan ganin likita da gwajin jini, kuma na karanta takardunsa daga farko har ƙarshe. Rabin kuɗin hoton da ba ya biya, matata ce ke tara shi a adashinta. 'Ya'yan Yaya mata biyu da suka haura talatin sun je an gwada su, su da matata. An ga farin tabo a jikin babbar, wadda ta yi jinyar, aka ƙone shi a ranar, aka ce ta dawo bayan shekara a sake dubawa. Bashin ofis kuwa har yanzu ana cire shi daga albashina.